Neman shawara: bargon kwarashi mai tudu da kwari yana ƙara faɗi

Maman Biyu, Kano

Assalamu alaikum 'yan uwa masu saƙa. Ina neman shawararku a kan wani bargo da na fara da kwarashi makonni uku da suka wuce. Tun muna yara mahaifiyarmu take da wani bargon ulu da ta saya a wajen 'yan gwanjo a Ƙofar Wambai, mai ratsin ruwan ƙasa da ruwan goro da ruwan ɗorawa da kore, kuma ratsin ba a miƙe yake ba, yana hawa yana gangarowa kamar haƙoran zarto. Da shi muke lulluɓa duk lokacin hunturu har ya tsufa ya fara zarewa, shi ya sa na yi niyyar saƙa mata irinsa kafin sanyin bana ya kama.

Na iya hular jarirai da safa, amma ban taɓa yin babban aiki ba. Na yi sarƙa, wato jerin madaukan farko da ake ɗora saƙa a kansu, mai tsawon santimita 120, sai ga shi da zanen ya fito faɗin bai kai mita ɗaya ba. Da na ci gaba kuma, sai aikin ya riƙa buɗewa ta gefe biyu, samansa ya fi ƙasansa faɗi, tsinin tudun ma ba ya zama a kan na ƙasansa. Sau biyu ina warwarewa. Don Allah wane lissafi ake bi, wane zare ya dace, kuma yaya ake canza launi ba tare da ƙulli ya fito ba?

Malama Mai Kwarashi, Zariya

Wa alaikumus salam. Maman Biyu, Allah ya saka miki da alheri a kan wannan niyya, kuma ki kwantar da hankalinki, domin hannunki ba shi da laifi, lissafi ne ya kuɓuce miki. Wannan zane gaba ɗayansa a kan ƙa'ida guda yake tafiya: duk idon da kika ƙara a tudu, dole ki zubar da kwatankwacinsa a kwari, ta yadda yawan idanun kowane layi ba zai taɓa canzawa ba. Abin da nake kira ido shi ne kan kowace saƙa, wurin da kike cusa kwarashi.

Ga yadda nake yi da gajeriyar saƙa, wadda ake cusa kwarashi ba tare da an fara naɗa masa zare ba. Ki saƙa ido 11 a jere, ki saka saƙa 3 cikin ido ɗaya, wannan shi ne tudu; ki sake saƙa 11, sannan ki tsallake ido 2, wannan shi ne kwari. Kin ga a tudu kin ƙara 2, a kwari kin rage 2, kuma kowane tudu da kwarinsa suna cin ido 25 suna mayar da 25. Inda akasarin masu koyo suke tuntuɓe shi ne bakin bargo. Idan kina da tudu 9, kwarin da ke tsakaninsu 8 ne kawai, wato kina ƙara 18 kina rage 16, saura 2 ke nan a kowane layi. Waɗannan biyun su ne suke buɗa miki aiki. Maganinsu shi ne a farkon layi ki saƙa ido na farko ki tsallake na biyu, a ƙarshen layi kuma ki tsallake na kusa da ƙarshe ki saƙa na ƙarshe, sai kowane baki ya zama rabin kwari.

Saboda haka yawan sarƙar farko shi ne 25 sau yawan tudun da kike so, ki ƙara 2 na baki, ki ƙara 1 na juyawa. Tudu 9 zai ba ki sarƙa 228, kuma kowane layi zai ƙare da ido 227. Amma kada ki auna faɗi da tsawon sarƙa, domin da zarar ta lanƙwashe ta shiga hawa da gangara sai ta tsuke, kamar yadda kika gani. Ki fara da ɗan gwaji na tudu 2, sarƙa 53, ki yi layi goma, ki shimfiɗa shi ki auna daga tsini zuwa tsini, sannan ki raba faɗin da kike so da abin da kika samu. Na san mutane ba sa son gwaji, suna ganin ɓata zare ne, alhali bai kai asarar warware aikin mako uku ba.

Game da tsinin da yake kaucewa, saƙa ukun sabon layi dole su shiga ta tsakiyar ukun da ke ƙasansu. Ki maƙala ɗan fil ko guntun zare mai wani launi a ta tsakiyar, ki riƙa ɗaga shi duk layi har idonki ya saba.

Hajiya Uwar Ɗaki, Jos

Malama ta gama magana a kan lissafi, ni a kan kamannin bargon zan ƙara. Daga launukan da kika ambata, ƙanwata, ina kyautata zaton bargon mahaifiyarku irin wanda matan Amurka suka yi yayin saƙawa ne a shekarun 1970, lokacin da ruwan ƙasa da ruwan lemo mai duhu da ruwan zinariya da koren fiya suka mamaye kayan ɗakinsu. Sukan ɗora shi a bayan kujerar falo, shi ya sa ba ya kai girman gado. Yawanci wajen santimita 125 ne a faɗi, 150 a tsawo.

Ki ɗauko tsohon ki duba shi da kyau. Idan kika ga wani siririn layi ya taso a tsakanin layukan saƙar, to mai shi ba ta cusa kwarashi a ƙarƙashin zare biyun da ke kan ido ba, na baya kaɗai take ɗauka ta bar na gaba. Wannan ne yake fito da zanen sosai, yana kuma sa bargon ya yi laushi ya bi jiki, domin gajeriyar saƙa idan aka ɗauki zare biyun takan yi tauri kamar tabarma. Sai dai ido na farko da na ƙarshe ki ɗauki duka biyun don bakin ya yi ƙarfi.

Zaren da suka yi amfani da shi akirilik ne, wato zaren roba, mai matsakaicin kauri, wanda ake saƙawa da kwarashi mai milimita 5 ko 5.5, kuma abin da muke kira ulu a kasuwanninmu shi ma akasari akirilik ne ba gashin tumaki ba, sai dai ya fi siriri. Ni nakan haɗa zare biyu in saƙa su tare. Shawarar da na fi ba muhimmanci ita ce ki sayi duk zaren launi ɗaya a lokaci guda, domin rini yana bambanta daga wannan kaya zuwa wancan. Na taɓa komawa shago bayan wata guda na sayo kore mai suna ɗaya, a cikin shagon ban ga bambanci ba, sai da na shanya bargon a rana ratsin ya fito kala biyu, kuma har yau abin yana damuna idan na gan shi. Don ki san adadin da za ki saya, ki lura da layi nawa dunƙule ɗaya yake yi miki a cikakken faɗi, ki lissafa daga nan, ki ƙara ɗaya a kowane launi.

'Yar Damagaram

Ina gaishe da iyayenmu da suka yi bayani. Ni dai, Yaya, ina ganin idan kina son ki gama kafin sanyi, ki koma doguwar saƙa, wadda ake naɗa zare a kwarashi kafin a cusa. Tsayinta ya kai ninki biyu na gajeriya, don haka aikin yana sauri kuma bargon ba ya nauyi, wanda ya fi dacewa da mu da sanyinmu bai kai na Jos ba. Lissafin Malama yana aiki a kanta, sai dai sarƙar juyawa takan zama 3.

Idan kuma kina kallon darasi a YouTube, ki fara gane ko mai koyarwar Ba'amurkiya ce ko 'yar Ingila, domin sunan da Amurkawa suke kiran doguwar saƙa da shi, shi ne 'yan Ingila suke kiran gajeriya. Wannan ya rikita ni ƙwarai da nake koyo.

Malama Mai Kwarashi, Zariya

Gaskiya ne doguwar saƙa ta fi sauri, 'yata, amma a nan ban goyi bayanta ba. Idan aka ƙara 2 aka rage 2 da saƙa mai tsayi, tsinin yakan kwanta ya zama kamar igiyar ruwa, kuma wuraren da aka tsallake suna barin manyan ramuka. Maman Biyu haƙoran zarto ta ce tana so, irin na bargon da ta tashi da shi, kuma wannan kaifin gajeriyar saƙa ce take ba da shi.

Na manta ban amsa tambayar launi ba. Kada ki ƙulla. A saƙar ƙarshe ta layi, lokacin da madauki biyu suka rage a kan kwarashi, ki saki tsohon zare ki jawo sabon ta cikinsu, sai sarƙar juyawa ta fito da sabon launi. Ki bar jela mai tsawon santimita 15 a kowanne, ki soke ta da babbar allura cikin saƙa mai launinta, ki tafi gaba ki dawo baya don kada wanki ya zaro ta. Ki sa kowane ratsi ya zama layi 4 ko 6 ko 8, ta haka duk jelolin za su taru a gefe ɗaya, kuma ki riƙa soke su kina tafiya, kada ki tara su sai ƙarshe. Idan kin gama, kada dutsen guga ya taɓa shi, domin akirilik yana narkewa, zanen ya mutu ba ya dawowa. Bayan wanki a shimfiɗe za ki shanya shi, saboda idan aka rataye shi a igiya da ruwa a jikinsa nauyi yana ja masa tsawo.

Maman Biyu, Kano

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Jiya da dare na ƙirga layin ƙarshe na tarar ya ɗara na farko da ido kusan 30, kuma tabbas ban taɓa tsallake komai a baki ba. Na je gida na duba bargon Hajiyarmu, siririn layin da Hajiya Uwar Ɗaki ta faɗa yana nan, kowane ratsi kuma layi 6 ne. Na yi gwajin sarƙa 53 da zare biyu a haɗe, daga tsini zuwa tsini ya ba ni santimita 14, don haka zan tafi a kan tudu 9 da gajeriyar saƙa. Ruwan goron ne kawai ban samu mai duhu irin na tsohon ba, gobe in sha Allah zan tafi kasuwa da bargon a hannu in gwada a hasken rana kafin in saya.