Keke mai naɗewa don zuwa aiki a Kaduna: wane iri ya dace da titunanmu?

Baban Khalifa

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar keke. Tafiyar daga Barnawa ce zuwa ofis a wajen Independence Way, kusan kilomita 8, kuma babu inda za a jingine babban keke a ofishin, shi ya sa hankalina ya koma kan mai naɗewa. Wane girman taya zan nema? Me zan duba idan na gwanjo ne? Zai jure damina da ramukan hanya? Sannan ko zai yi amfani ranar da za a hau jirgin Abuja daga Rigasa?

Usta Mai Keke, Tudun Wada

Wa alaikumus salam, Baban Khalifa. Fara da taya, domin a nan mutane suka fi yin asara. Nemi mai inci 20, kuma ka duƙa ka karanta lambar da ke gefen tayar. Inci 20 iri biyu ne: akwai 406, akwai 451, kuma tayar ɗaya ba ta shiga wilin ɗayan. Ɗauki 406, ita ce ta kekunan yara masu tasowa da na BMX, don haka tayarta da tub ɗinta ba sa wuyar samu a wajen masu kayan keke. Inci 16 ma haka yake. Brompton na Ingila lambarsa 349, na keken ƙananan yara kuma 305. Brompton ya fi kowanne naɗewa ƙanƙane, amma ranar da tayarsa ta yage sai an yi odar wata, keken na jingine.

Faɗin tayar kada ya gaza inci 1.75. Ƙaramin wili yana faɗawa rami fiye da babba, siririyar taya kuwa ba ta shanye bugun, sai ƙarfen wilin ya datse tub. Idan mai faci ya nuna maka huda biyu jere kamar saran maciji, ba ƙusa ba ce, ƙarancin iska ne. Yawan iskar da tayar ke so yana rubuce a jikinta, a duba shi duk mako. Bawul kuma nemi irin na mota, don kowane mai faci a bakin titi ya iya ba ka iska, sai dai ka ce masa kaɗan-kaɗan, injinsa na cika ƙaramin tub cikin ƙiftawar ido.

Yanzu ga na gwanjo. Ran keken nan yana wurin gaɓoɓin da yake naɗewa, ɗaya a tsakiyar jiki, ɗaya a gindin sandar kan. Buɗe shi, ka kulle duka biyun, ka matse birkin gaba, ka riƙa tura keken gaba da baya. In ka ji ƙwas-ƙwas ko ka ga gaɓar na motsi, akwai magana. Wani lokaci notin mariƙin ne ya saki, juyi ɗaya ko rabi da alanki ya isa. Amma in sandar cikin gaɓar ce ta cinye ramin, bar musu kayansu. Goge ƙurar wurin, ka haska fitilar waya a kan waldar da ke kewaye da gaɓar da kuma inda sandar sirdi ke shiga. Layi siriri kamar gashi tsagewa ce. Yawancinsu jikin alminiyam ne, kuma alminiyam da ya tsage ba aikin mai waldar bakin hanya ba ne, zai sake karyewa kusa da inda aka ɗinke, galibi kana kai.

Sandar sirdi doguwa ce, tana da alamar da ba a ja ta sama da ita. In tsayinka sai ka wuce alamar kafin ƙafarka ta miƙe, keken ya yi maka kaɗan. Masu naɗewa irin na kamfanin Dahon nauyin da suke ɗauka, kai da kayanka, bai wuce wajen kilo 105 ba, kuma ba keken goyo ba ne. Ƙirga haƙoran farantin gaba: 52 ko 53 ake so a kan ƙaramin wili. In 40 da 'yan kai ne, za ka yi ta juya feda keken bai tafiya. Giya 6 ko 7 ta wadatar.

Damina: madigadi gaba da baya dole ne. Yashin da ruwa ke kwasowa shi ke cinye robar birki da gefen wili, don haka a goge su duk ranar da aka sha ruwa. Da hunturu kuma kada ka jiƙa sarƙa da baƙin mai, ƙura za ta manne ta zama kamar sanfefa. Ɗigo ɗaya a kowace gaɓa, ka juya feda, ka goge na waje da tsumma.

Malam Mai Feda, Malali

Usta ya gama magana a kan keken. Ni ta hanya zan yi, don ita ce ta fi keken wuya. Kilomita 8 a tafiyar da ba ta sa gumi sosai, wato kilomita 15 a awa, rabin awa ce da 'yan mintuna.

Matsalar mai fitowa daga kudancin gari ita ce kogi. Kowa sai ya bi gada, kuma gadar da ke tsakanin shataletalen Station da na Stadium ita ce ta fi matsewa da safe, ga bas, ga Napep, ga manyan motoci. Tunda daga Barnawa kake, gwada hanyar Aliyu Makama ka haye sabuwar gadar da ta ɓulla Kabala Costain. Ka je ranar Lahadi da safe ka bi ta tukuna, ka san inda ramuka da bakin kwalbati suke kafin ranar aiki.

Kada ka manne da gefen titi. Nan yashi da fasassun kwalabe ke taruwa, ƙaramin wili kuwa in ya shiga yashi kan keken juyawa yake yi nan take. Bar kusan mita ɗaya tsakaninka da gefe, haka ma tsakaninka da motar da ke ajiye, saboda ƙofa. Mai Napep na iya tsayawa ba sigina da zarar an ɗaga masa hannu, don haka yatsunka biyu su zauna a kan birki. Babbar mota kuwa, kada ka taɓa shiga ta damanta a kusa da kwana: direban bai ganinka, kuma ƙafafun baya suna yanko kwanar fiye da na gaba. Shataletalen da ya yi maka yawa, sauka ka tura, minti biyu ne. Fitila fara a gaba, ja a baya, da hular kwano.

Batun Rigasa, ka saya wa keken jaka ko a ɗinka maka ta tamfol, ka naɗe shi tun kafin ka isa ƙofar tasha, sarƙar na ciki don kada ta ɓata wa mutane tufafi. Nauyinsa kilo 12 zuwa 14 ne, kuma da hannu za ka hau da shi matakala. Ka tambayi ma'aikatan tashar ƙa'idar kaya kafin ranar tafiyar.

Injiniya Maman Zahra

Malam Mai Feda, duk dabarun nan na kare kai gaskiya ne, amma suna nuna cewa an bar mai keke shi da Allahnsa. Aikin sabunta birni da aka fara a 2019 ya faɗaɗa tituna, an yi gadar Kawo, an sa fitilu, sai dai titi mai faɗi da santsi yana ƙara wa mota gudu, kuma gudun ne ke hana uba barin ɗansa ya tafi makaranta a keke.

Layin fenti kaɗai ba zai yi aiki a nan ba, cikin mako guda zai zama wurin ajiye mota da tashar Napep. Abin da ke aiki shi ne hanya mai faɗin mita 1.5 zuwa 2 da aka raba da ta mota da dakalin kankare, a bar 'yan ƙofofi don ruwa ya wuce, a riƙa share ta, in ba haka ba yashi ya cinye ta a damina ɗaya. Kuma a fara daga gadoji da mahaɗar hanyoyi. Hanyar keke da ta ƙare daidai bakin gada ta kai mutum inda haɗarin ya fi yawa ne ta sake shi.

Akwai masu arha da ba sai an jira babban kwangila ba: rufe lambatun da ke buɗe, juya ƙarafan magudanar ruwa su gitta hanya don kada taya ta faɗa tsakaninsu, rage gudu zuwa kilomita 30 a gaban makarantu da kasuwanni tare da KASTLEA, hukumar kula da dokokin tuƙi ta jihar, ta tsaya a kai, da kafa ƙarafan ɗaure keke a Kasuwar Gumi da sakatariya da tashar Rigasa. Bogota ta ƙasar Kolombiya tun 1974 take rufe wa motoci wasu manyan tituna ranar Lahadi, Kigali ma ta fara nata a 2016. Kewayen Murtala Square da safiyar Lahadi zai ɗauki irin wannan. Masu keke su haɗu su rubuta takarda ɗaya mai sunayen wurare biyar mafi haɗari, su kai wa hukumar kula da hanyoyi ranar 3 ga Yuni, ranar keke ta duniya.

Usta Mai Keke, Tudun Wada

Hajiya, Allah Ya sa su ji. Baban Khalifa, na manta abu ɗaya: wayoyin birki da na giya suna lanƙwashewa duk naɗewa, a nan suke fara tsinkewa, ka duba su duk wata. A jakarka kuma kada a rasa tub ɗaya sabo mai lamba 406, ƙaramin famfo, da alanki mai lamba 4, 5 da 6.