Neman kalmar Hausa: me za mu kira GMO a shirin manoma?

Mai shirin gona, Abuja: Assalamu alaikum. Ina neman taimakon malamai, domin gobe da ƙarfe huɗu zan naɗi shirin manoma na rediyo, kuma har yanzu ban tsayar da abin da zan kira GMO ba, wato irin shukar da masana kimiyya suka yi wa sauyi a ɗakin bincike. Shirin zai tattauna waken SAMPEA 20-T na Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya, wanda aka amince da shi a 2019, da masarar TELA da aka fitar a 2024. Masu saurarena manoman Gwagwalada da Kwali da Abaji ne, kuma ina son kalmar da za ta faɗi abin da aka yi wa irin, ba tare da ta yabe shi ko ta kushe shi ba.

Malamin gona: Wa alaikumus salam, Malama. Ki ce "ingantaccen iri", manoma sun saba da shi.

Malamar kimiyya: Yallaɓai, wannan ba zai yi ba. Ingantaccen iri ya haɗa da duk wanda aka samar ta hanyar barbara da zaɓe, abin da Samaru ta daɗe tana yi. Shi kuwa wannan waken, an ɗauko ƙwayar halitta ce daga wata bakteriya mai rayuwa cikin ƙasa aka sa masa, sai tsiron ya riƙa samar da sinadarin da ke kashe tsutsar nan mai cin fure da kwasfa, wadda manomi ke ɓare wake ya tarar ta riga shi. Saboda wannan bambanci ne aka kafa NBMA, hukumar da ke sa ido kan irin waɗannan tsirrai a Nijeriya, a 2015. Idan muka haɗe su, mun ɓoye wa manomi abin da yake da haƙƙin sani. Ni "iri mai sauyayyiyar ƙwayar halitta" nake cewa.

Tsohon mai fassara: 'Yata, wannan jimla ce, ba suna ba. Na daɗe ina ba da shawarar "dasau", tunda dasa masa wani abu aka yi daga waje, kuma kalmar ta hau ƙirar Hausa kamar yadda ake cewa mantau.

Malamin gona: Baba, da girmamawa, manomi na jin "dasau" tunaninsa zai tafi ga dashen tumatir da shinkafa, ko mangwaro ɗan aure.

Tsohon mai fassara: Da haka magabata suka yi ta jin tsoro, da ba mu sami "jirgin sama" ba. Abin da ke damuna shi ne, a Abuja kowa yana son a ji Turanci a bakinsa, shi ya sa ake ta "Ji-Em-O" a gidajen rediyo. A Kano ko Zariya ba za a yi gardama da "dasau" ba.

Malami daga Jos: Allah ya ƙara girma, Baba, amma Hausa ba ta garin kowa ba ce. Mu da muke koyar da ita a Jos ga yaran da ba harshen gidansu ba ce, mun fi kowa sanin kalmar da ke shiga kunne da wadda ke tsayawa a takarda.

Tsohon mai fassara: Ban raina Hausar kowa ba, amma ƙirƙira aikin masu harshe ne.

Mai shirin gona, Abuja: Ina roƙon mu dawo kan irin. Akwai abin da ya hana ni barci game da shawarar Malama: duk wanda ya ji "sauya halitta", zuciyarsa za ta tafi ga aya ta 119 a Suratun Nisa'i, wadda ta ambaci canza halittar Allah, ya yanke hukunci kafin baƙona ya buɗe baki. Hukunci na malaman addini ne, bai kamata in cusa shi cikin suna ba. Haka ma "jirkitaccen iri" da na ji wasu na faɗa, domin jirkita a wurinmu lalacewa ce.

Malamar kimiyya: Kin yi gaskiya. To, a ce "ƙwayar gado", tunda ita ke ɗauke da abin da ɗa ke gada. Hakan zai taimake ki ma kan tambayar ajiye iri, wadda na tabbata za a yi miki: waken ana iya ajiye shi a sake shukawa, masarar TELA kuwa 'yar aure ce, ita ya sa ake sayen sabuwa duk damina, ba don sauyin gadon ba.

Mai shirin gona, Abuja: Na gode. Zan buɗe da "irin da aka sauya wa ƙwayar gado, wanda ake kira GMO", daga nan in ci gaba da "sauyayyen iri".

Tsohon mai fassara: "Sauyayye" ba ta faɗi abin da aka sauya ba, kuma ban janye "dasau" ba. Amma tunda gobe ne, ki tafi da ita, in kuma manoma suka bugo waya ki rubuta mana sunan da su suka kira shi.