Goethe mai zane ne, ko dai suna ya ɗaga shi?

Rabi: Salamu alaikum. Yau a ajin Jamusanci a Goethe-Institut da ke Kantomen a Accra aka nuna mana zanen mai sunan wurin, Goethe marubucin Jamus. Ashe ban da waƙa da binciken tsirrai, ya bar zane sama da 2,000, yawanci suna Weimar. Ni dai na ce cikakken mai zane ne.

Malam Idi: 'Yata, yawa ba shi ne gwaninta ba. Ya zauna Italiya daga 1786 zuwa 1788, yana koyo wajen masu zane a Roma, a can ya sallama cewa wannan ba sana'arsa ba ce. Mai abu ya ce bai iya ba, ke kin ce ya iya?

Rabi: Amma bai ajiye alƙalamin ba, Malam.

Baba Mai Fenti: Ku bari mai sana'a ya yi magana. Shekara 30 ina rubuta bayan trotro, motocin haya, a Nima. Zanensa na itatuwa da kwari da Rabi ta turo, gaskiya ba laka, kamar yana tsoron takardar. Amma da'irar launukansa, wadda ke cikin littafinsa na 1810, wannan aiki ne. Ku ƙura wa jan fenti ido na ɗan lokaci, ku juya ga farin bango, kore za ku gani. Shi ya sa ya ajiye ja daura da kore, ruwan ɗorawa daura da shunayya. Ni da hannu na koya, shi ya zana dalilin.

Malam Idi: To ka taimake ni kenan, Baba. Zanen bincike ne, ƙashi, duwatsu, gajimare. Kuma a rigimarsa da Newton kan haske, masana kimiyya Newton suka bi.

Sadiya: Ni abin da ya kama ni daban. Lokacin da yake karanta waƙoƙin Hafiz, mawaƙin Farisa, ya zauna yana kwaikwayon rubutun Larabci, harafi bayan harafi, kamar yaro a makarantar allo. Malam, in ɗalibinka ya yi zayyana a allon sauka, zane ne ko karatu?

Malam Idi: Zayyana daban, kwafe daban.

Baba Mai Fenti: Ba ka amsa ba.

Malam Idi: An kira la'asar. Rabi, turo min rubutun nasa, in duba yadda ya ja wasalin.