Wace kalma za mu ba "modelin" a Hausa?

Jama'a, a taimaka mini. Ina rubuta bayanin wani kwas na 'yan aji ɗaya a jami'a, wanda Turawa ke kira matimatikal modelin, kuma tun a sunan na cije. Lissafi dai ba gardama. Ɗaya kalmar ce ta ƙi.

Ga abin da ake yi a kwas ɗin, don kada mu yi ta harbi a duhu. Za a ɗauko wani abu na zahiri, a ce annoba, a zubar da duk abin da bai zama dole ba, a mayar da sauran lissafi. Haka wasu masana biyu, Kermack da McKendrick, suka yi a 1927. Sun kasa jama'a gida uku: waɗanda ba su kamu ba, masu ɗauke da cutar, da waɗanda suka warke ko suka rasu. Sai suka lissafa saurin da mutane ke fita daga wannan gida su shiga wancan. Ba ruwansu da sunan kowa ko sana'arsa.

Na ga amsoshinku, na gode. Masu cewa samfuri sun fi yawa, amma samfuri ai ɗan abin da ake nuna wa mai saye ne, kuma shi da kayan jinsinsu ɗaya. Lissafin annoba kuwa ba ƙaramar annoba ba ce. Kwaikwayo ya ɗan matso, sai dai ɗalibi na jin sa wasa zai faɗo masa a rai. A ajiye shi don abin da kwamfuta ke yi idan an ɗora mata lissafin ta gudanar.

Malam da ya kawo kwatance, Allah ya ƙara basira. Tun ɗazu nake juya kalmar. In ka yi wa baƙo kwatancen gida, ba ka ƙirga masa kowace ƙofa. Cewa kake ya miƙe, ya wuce kwana biyu, ya karya dama a ta uku. Ka bar kusan komai, amma ya isa. In kuma ya ɓata, ba hanyar za a zarga ba, kwatancen za a gyara.

To wannan gyaran shi ne rabin kwas ɗin. A 1798 wani masanin tattalin arziki, Malthus, ya ce yawan jama'a ninkuwa yake yi in ba abin da ya tare shi. Wani masanin lissafi, Verhulst, ya zo a 1838 ya saka iyaka a cikin lissafin: yawan na kusantar abin da wuri zai iya ɗauka, ƙaruwar na ja baya. Kwatance na biyu ke nan, bayan na farko ya kai baƙo wata unguwa.

Hajiya, gaskiyarki, kwatanta na nufin auna abu biyu a ga bambancinsu. Ni ban ga aibu a nan ba, don a ƙarshe dole ɗalibi ya kwatanta abin da lissafinsa ya ba shi da alƙaluman da aka tattaro.

Na rubuta Shimfiɗar Kwatancen Lissafi a kan takardar. Aikatau kuma, "kwatanta da lissafi". Jam'in ne bai zauna mini ba tukuna, don "kwatance-kwatancen lissafi" ya cika baki. Malam, ko kana da wanda ya fi shi sauƙi?