Wane rumbun bayanai kuke zuba tsarin sinadarai a ciki?

Ɗan Argungu: Slm jama'a. Ina haɗa wata 'yar manhaja ta ajiye sinadaran da ake samu cikin itatuwanmu na gida, irin su azadirachtin na dogon yaro da na zogale da sabara, kuma so nike in an zana zoben benzin ko wani ɓangare ta hiddo duk sinadarin da ke ɗauke da shi. Waɗanda sunka taɓa irin wanga aiki, mi kunka yi amfani da shi?

Injiniya Gusau: Wslm ƙanena. Rumbun PostgreSQL da ƙarin RDKit (manhajar sarrafa tsarin sinadarai) a kai, nan na tsaya kuma ban ga dalilin motsawa ba. Kyauta ne duka biyun. Yana ba ka gurbi na musamman mai suna mol, ka ɗora mai indes na GiST don saurin nema, sai neman ɓangare ya koma layi guda na SQL da alamar @> kawai, in kamanni kake nema kuma ga zanen yatsa na Morgan (taƙaitaccen tsarin sinadari cikin lambobi) da ma'aunin kamanni na Tanimoto duk a ciki, ba sai ka rubuta komi da hannu ba. Wahalar ɗai girkawa ce, musamman kan Windows, da Docker (manhajar da ke kawo kayan a girke cikin akwati guda) na samu lafiya.

Malamar Kemistiri, Birnin Kebbi: Ko mi za ka zaɓa, don Allah kar ka zuba SMILES (tsarin sinadari a rubuce cikin layin haruffa) kamar rubutu zalla ka riƙa nema da LIKE, umarnin SQL na neman rubutu. Na ga ɗalibi ya yi haka, yana neman c1ccccc1, wato zoben benzin, alhali rabin bayanansa an rubuta zoben da C1=CC=CC=C1, abu guda ne amma kwamfuta ba ta sani ba, ya zo yana rantsuwa wai sinadaran sun ɓace. Kuma SMILES ɗin da RDKit ya daidaita ba lallai ya zo ɗaya da na manhajar Open Babel ba. Don gane maimaici ni InChIKey nike ajiyewa, lambar shaidar sinadari ce mai haruffa 27, ta IUPAC, ƙungiyar masana kemistiri ta duniya. Sai dai shi ba ya neman ɓangare.

Ɗan Argungu: Na gode Malama. To Yaya Injiniya nawa ba su wuce 'yan dubbai ba fa, kuma laftof ɗin tsoho ne.

Na Talata Mafara: To ai kai ba ka buƙatar saba wlh. SQLite ya ishe ka, fayil guda, ka sa a filasha ka tafi, ko an ɗauke wuta ko data ta ƙare aikinka na nan. Ni haka nike yi, in loda su cikin Python in bar RDKit ya tace, kafin in kurɓi shayi ya gama. ChEMBL, rumbun bayanan sinadaran magani, ma suna ba da nasu a SQLite, amma yana da nauyi, da dare na sauke shi lokacin data mai arha.

Injiniya Gusau: Gaskiya ne in shi kaɗai ne. Ranar da ɗalibai sunka fara shiga tare suna rubutu lokaci guda, ko ya jawo kaya daga rumbun PubChem da ke da sinadarai sama da miliyan 100, zai neme ni. Akwai Bingo, wani ƙari irin na RDKit na kamfanin EPAM ma, in wajen aikinku Oracle ko SQL Server anka saya.

Malamar Kemistiri, Birnin Kebbi: Kuma ku tuna da gishiri. Magani guda zai zo maka shi kaɗai, ya sake zuwa da hydrochloride manne da shi, InChIKey ɗinsu daban. Ka yanke tun yanzu wanne za ka ajiye, ni gurbi biyu nike yi.

Ɗan Argungu: Madalla. Bari in fara da SQLite ɗin, in sa gurbin gishirin yau da dare.