Wai Kakata Ba Jaruma Ba Ce?

Maman Ihsan: Assalamu alaikum 'yan uwa. Yau raina a ɓace yake. Kwana huɗu ina karanta wani littafi da ya bi mata uku na gida ɗaya, kaka da 'yarta da jikarta. Kakar, mijinta ya rasu lokacin farin 1973, ta riƙe yara biyar da ƙuli-ƙuli da adashe, ba ta taɓa leƙa ƙofar gida ba. 'Yar an cire ta daga makaranta an yi mata aure, ita kuma ta rantse tata 'yar sai ta yi karatu. Wallahi da na kai inda tsohuwar ta kwance ƙullin bakin zaninta tana ƙirga kuɗin jarrabawar jikarta, ajiye wayar na yi na hau kuka, don haka Innarmu ta wajen uwa take. Har ta koma ga Allah tafin hannunta duk kanta ne saboda matsar tunkuza, in kin rungume ta ƙamshin man gyaɗa za ki ji.

Ina cikin share hawaye yayan maigidana ya yi sallama. Ya tambayi ko lafiya, na faɗa masa. Buɗar bakinsa sai ya ce littattafan nan su ke kangarar da mata, kowacce ta karanta sai ta fara ɗaga kafaɗa a gidan miji. Na yi shiru saboda Yaya ne. Amma ni a ganina irin waɗannan littattafai su ne tarihin iyayenmu mata da ba a koya mana a aji ba. Kakanninmu jarumai ne, muna da haƙƙin karanta labarinsu. Ko na yi kuskure?

Baban Walid: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Inna. Sai dai Hajiya, kalmar jaruma ta yi nauyi a nan. Jarumi shi ne wanda ya fita fagen daga ya tari mashi da ƙirjinsa. Abin da Inna ta yi haƙuri ne, kuma kin san ladan haƙuri. Ki kira ta mai haƙuri, ba ki rage mata komai ba.

Anti Bakanuwa: Kun ji irinta ko? Duk abin da mace ta yi sai a naɗe shi a ce haƙuri. Malam, wadda ta tashi kafin kiran assalatu ta soya gyaɗa tiya goma, ta surfa, ta kai niƙa, ta matse mai da hannunta, ta ciyar da marayu biyar ba ta roƙi kowa ba, ita ce za ka ce zama ta yi tana haƙuri? Da namiji ne ya yi rabin wannan da tuni kun yi masa kirari.

Ɗan Autan Hajiya: Ni ma kalmar ba ta kwanta min ba, amma ba don dalilin Baban Walid ba. Yanzu in ka ce jaruma, kowa 'yar fim zai kawo a ransa. Ni kam ba zan so a haɗa kakata da wannan suna ba.

Anti Bakanuwa: To 'yan fim ɗin ba 'ya'yan mutane ba ne? Ka kiyayi bakinka, yaro.

Bazazzagi: Wanda ya ce mace ba ta jarumta, ya zo Zariya mu nuna masa ganuwa. Amina 'yar Bakwa ta san rana! Shekara 34 tana yaƙi, ta kai har Nufe da Kwararrafa. Sarkin Nufe da kansa ya aiko mata da bābānni arba'in da goro dubu goma. Har yau a ƙasar Hausa in an ga tsohuwar ganuwa cewa ake ganuwar Amina. Baban Walid, wannan ma haƙuri ne?

Malam Na Ƙofar Mata: Bazazzagi, a hankali. Wannan labari na bābānni da goro da kake taƙama da shi, a littafin Tarihin Kano yake, mu muka adana muku shi. Kuma can an sa ta a zamanin Sarki Dauda, wajen 1421 zuwa 1438, ku kuwa kuna cewa ƙarni na 16 ta yi. Tazarar ta fi shekara ɗari. Ku fara daidaita lissafinku tukuna.

Bazazzagi: Ai na san Bakano ba zai bari a yabi Zazzau ya yi barci ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ambace ta a littafinsa Infaƙul Maisuri, har ya faɗi inda ta rasu, Atagara. Shi ma bai iya lissafin ba ne?

Malam Na Ƙofar Mata: Ban ce ba a yi ta ba. Cewa na yi shekarun sun saɓa. Kada ka sa min magana a baki.

Maman Ihsan: Don Allah 'yan uwa, ni fa maganar littafi na kawo, da abin da Yaya ya faɗa min.

Basakkwace: Duk kun bar babba kun kama ƙarama. In ana batun mata na ƙwarai, da Nana Asma'u ɗiyar Shehu aka farawa. An haife ta 1793, ta rasu 1864. Ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa. Ita ta kafa 'Yan Taru, tana naɗa jaji ta aza mata malfa, jajin ta koma ƙauye ta karantar da mata ta hanyar waƙa. Ba ta ɗauki takobi ba, amma abin da ta shuka har yau ana cin amfaninsa. Wannan ita ce mace abar koyi, ba masu hawan doki ba.

Bazazzagi: "Ba masu hawan doki ba." Allah ya ba ka haƙuri, mun ji.

Ɗiyar Dogondutsi: Ku mutanen Najeriya kullum ku kaɗai ne Hausawa. Mu nan Arewa ta Nijar muna da Sarauniya Mangu ta Lugu. A 1899, sa'ad da sojan Faransa na Voulet da Chanoine sunka biyo suna ƙone garuruwa, ita ta ƙi miƙa wuya, mutanenta sunka tare su da kwari da baka. Bayan nan rundunar ta wuce ta yi ɓarna mai muni Birnin Ƙonni. Wannan ba tatsuniya ba ce, akwai ta rubuce cikin takardun Turawan kansu. Abdoulaye Mamani ya yi littafi bisa kanta a 1980, har anka yi fim. In ita ba jaruma ba ce, a hwaɗa mini wa a jarumi.

Baban Walid: 'Yar uwa, ai wannan ba Musulma ba ce, Azna ce. Ta yaya za mu kafa wa 'ya'yanmu misali da ita?

Ɗiyar Dogondutsi: Ɗazu ka ce jarumi shi ne wanda ya fita fagen daga. Na kawo maka wadda ta fita, ka sake ma'auni. Da Nasara ya zo da bindiga bai tambayi addinin kowa ba kahin ya sa wuta.

Basakkwace: A bar wannan zance, zai kai mu inda ba mu so.

Anti Bakanuwa: Ku duka sarauniyoyi da 'ya'yan manya kuke lissafawa. Ina Hajiya Gambo Sawaba? 'Yar jam'iyyar NEPU, an ɗaure ta sau 16, an doke ta, duk don mace ta samu bakin magana. Sai a 1979 matan Arewa suka jefa ƙuri'a a zaɓen ƙasa baki ɗaya, kudu kuwa tuni sun daɗe suna yi. Kuma ku da ke cewa littafi na kangarar da mace, ku je ku karanta Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, ku ga yadda Rabi ta riƙe 'ya'yanta da sayar da abinci bayan miji ya kore ta. Wa ya kangare a ciki, ita ko shi?

Bazazzagi: Na gode Anti. Gambo Sawaba ma ai tamu ce, 'yar Zariya. Biyu ke nan.

Malam Na Ƙofar Mata: NEPU ɗin a ina aka kafa ta? A Kano, 1950. Ba don Malam Aminu ba wa zai san ta?

Anti Bakanuwa: Malam, ni Bakanuwa ce gaba da baya, amma a nan ba na bayanka. Dukan da ta sha a jikinta ta sha shi, ba a jikin kowa ba.

Ɗan Autan Hajiya: Ni dai har yanzu ba wanda ya ba ni amsa kan 'yan fim.

Uwar Zaure: To jama'a, dare ya yi, zan rufe nan. Abin da na fahimta: kusan kowa ya yarda mace tana jarumta, kuma babbar hujjar da aka kawo ita ce Sarauniya Amina, wadda ganuwarta na nan tsaye a garinmu ga mai son gani. Masu ja da shekarunta ba su kawo abin da zai rushe ta ba. Gambo Sawaba ta ƙara tabbatar da cewa Zazzau ba ta taɓa rasa irin waɗannan mata ba. An kuma ambaci Nana Asma'u, Allah ya ƙara mata yarda. Maman Ihsan, ki yi haƙuri da Yaya, babba ne, ki riƙa karatunki in ba ya gidan. Allah ya jiƙan Inna.

Ɗiyar Dogondutsi: Hajiya, ba ki ambaci Lugu ba ko sau ɗaya.