Baba tsohon sojan Amurka ne, yana kwance rai a hannun Allah: maƙabartar sojoji ko filin masallaci?

'Yar Soja:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawarar waɗanda abin ya taɓa faɗo wa nake nema. Mahaifinmu yana kwance a asibiti a nan New York, kansar huhu ce, likitoci sun ce mu shirya. Rai a hannun Allah yake, amma ni ce babba, kowa ni yake kallo. Ya yi aikin sojan ƙasa daga 1988 zuwa 1994, yana cikin waɗanda aka kai Saudiyya lokacin yaƙin Tekun Fasha. Takardar sallamarsa ta DD-214 tana hannuna, kuma sallamar mutunci aka yi masa. Bai taɓa neman ko sisi a wajen ma'aikatar tsofaffin sojoji ta VA ba, asibitin da yake kwance ma ba nasu ba ne.

Mama tana so idan ta Allah ta kasance a kai shi maƙabartar sojoji ta Calverton, ta ce haƙƙinsa ne, guminsa ne. Baffanmu da ke gida ya dage sai an kai shi can. Masallacinmu kuma yana da fili a wata maƙabarta. Abin da nake son sani: a ta sojoji za a binne shi da wuri, a fuskantar da shi alƙibla? In muka zaɓi filin masallaci, mun rasa tuta da karramawar sojoji ke nan? Kuma nawa ne ainihin kuɗin da ake bayarwa?

Baban Khalifa:
Allah Ya ba shi lafiya. Ƙanwata, kafin komai ki nemo DD-214, babu abin da zai motsa sai da ita. Ki rubuta wa cibiyar ajiye bayanan sojoji da ke St. Louis yau ɗin nan. Ki yi addu'a kada tasa ta kasance cikin waɗanda suka ƙone, don gobara ta cinye miliyoyin fayiloli a wurin.

Maman Ilham:
Baban Khalifa, ai ta ce takardar tana hannunta. Gobarar nan kuma a 1973 aka yi ta, shi a 1988 ya shiga.

Kawun Yara:
Ni abin da ya dame ni daban ne. Mutum da ransa, ana ta lissafin kabarinsa a bainar jama'a? Majinyata nawa likita ya cire wa rai suka tashi suka ci gaba da harkokinsu? Ku dage da addu'a da sadaka, 'yata.

'Yar Soja:
Kawu, addu'a muna yi dare da rana. Shi da bakinsa ya ce in shirya komai kada in bar Mama da yawon ofisoshi tana cikin takaba.

Saje Mai Ritaya:
Kin yi daidai 'yata, kada kowa ya sa ki jin kunya. Shekara 21 na yi a soja, kuma na raka abokan aiki da dama.

Karramawa ba a maƙabarta take ba, mutumin take bi. Tun daga farkon shekarar 2000 doka ta wajabta wa ma'aikatar tsaro ta turo aƙalla sojoji biyu cikin kaki idan iyali suka nema, ɗaya daga rundunar da mamacin ya yi wa aiki. Za su ninke tuta su miƙa wa mahaifiyarki, a busa Taps, wato busar bankwana ta sojoji, da bigila, in babu mabushi a sa na'ura. Ko a filin masallaci aka binne shi za su zo, ba a biyan komai. Mai kamfanin shirya jana'iza ne yake kiransu, ki ba shi kwafin DD-214. Tutar kuma da fom 27-2008 ake karɓarta, a gidan waya ma ana samu. Dutsen kan kabari shi ma kyauta ne da fom 40-1330, har da tambarin wata da tauraro in kuna so, sai dai a maƙabartar da ba ta gwamnati ba ku za ku biya kuɗin kafa shi.

A maƙabartar sojoji fili, haƙa, rufewa, dutse da kula da kabarin har abada duk kyauta ne, kuma mahaifiyarki tana da damar a binne ta tare da shi. Abin da ba sa yi shi ne wanka, likkafani, akwati da ajiyar gawa. Wannan yana wuyanku.

Ɗan Tasi:
Saje ko sallama ka yi masa sai ya amsa maka da lambar fom. Allah Ya bar mana kai.

Maman Ilham:
Bari in ba ki labarina ƙanwata, don kada ki faɗa inda na faɗa. Mijina ya rasu a 2019, daren Juma'a, ga hutu ranar Litinin. Ina cikin gigita, ga yara ƙanana, wata ma'aikaciyar asibiti ta ba ni lambar wani kamfanin jana'iza na kira. Mutumin ya zo da fara'a, da ya ji marigayi tsohon soja ne sai ya ce in kwantar da hankalina, gwamnati za ta mayar mini da komai. A kan wannan maganar na sa hannu a takardun da ban karanta ba. Kafin mutanen masallaci su iso washegari har an zuba masa maganin hana ruɓewa, ba wanda ya tambaye ni. Na yi kuka kamar raina zai fita. Suka sayar mini da akwati mai tsada, suka riƙa lissafa kuɗin ajiya kullum, saboda maƙabartar sojojin da muka kai shi ba ta binnewa Asabar da Lahadi. Sai Laraba aka samu gurbi.

Ranar kuma ba bakin kabari aka kai mu ba. Akwai wata rumfa da ake zama, aka yi abin da za a yi cikin minti ashirin, aka miƙo mini tuta, muka tashi don akwai wasu iyalin a bayanmu. Sai da yamma aka nuna mana kabarin an riga an rufe. Sojojin sun girmama shi ƙwarai, ba zan ci haƙƙinsu ba, amma babu ɗan uwansa ko ɗaya da ya sa hannu ya zuba masa ƙasa. Har yau abin yana ci mini rai.

Kamfanin ya karɓi sama da dala 11,000 a hannuna. Abin da aka mayar mini dala 300 ne. Da na koma wajen mutumin sai ya ce shi bai yi mini alkawarin komai a rubuce ba. Shekara biyu ina biyan bashi, dangin miji kuma suna can suna cewa na cinye kuɗin soja.

Hajiya Babba:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah Ya saka miki 'yar nan, Ya jiƙan maigidanki.

Baban Khalifa:
Dala 300? Hajiya an cuce ki. Maƙwabcina dala 2,000 aka ba iyalinsa, da idona na ga takardar.

Uwar Biyu:
Mu kuma 948 aka ba mu na jana'iza, da wata 948 ta fili, a farkon 2024. To wanne ne gaskiya?

Saje Mai Ritaya:
Duk gaskiya kuka faɗa. Dala 2,000 ita ce iyaka idan ciwon da aiki ya jawo ne ya yi ajalin mutum. Idan ba shi ba ne, a lokacin Maman Ilham 300 ake bayarwa ga wanda bai rasu a hannun asibitin VA ba. Daga baya aka ɗaga, ya kai 948, daga Oktoban 2024 ya zama 978, kuma duk Oktoba ake sake duba shi. Shi ma ba kowa ake ba, sai wanda yake karɓar fansho ko diyya a wajen VA, ko yake da buƙatar da ya shigar ba a kammala ba, ko ya rasu yana ƙarƙashin kulawarsu. Galibi shekara biyu ne wa'adin nema bayan binnewa.

Amma 'Yar Soja, ki saurare ni da kyau, duk wannan ƙaramin abu ne. Kin ce kansar huhu, kin ce Saudiyya. A watan Agustan 2022 aka sa hannu kan dokar PACT. Wanda ya yi aiki a Saudiyya, Kuwait ko Iraki daga 2 ga Agustan 1990 ya kamu da kansar hanyoyin numfashi, ana ɗauka hayaƙi da gubar da ya shaƙa a can ne sanadi, ba sai ya kawo hujja ba. Ki shigar masa da buƙatar diyya gobe da safe tun yana raye, ki faɗa musu halin da yake ciki, suna gaggauta na masu ciwon ajali. Idan aka tabbatar, mahaifiyarki za ta iya samun DIC, kuɗin matar marigayi, sama da dala 1,600 duk wata, babu haraji. Ki nemi jami'in taimaka wa tsofaffin sojoji na yankinku, kyauta suke cike takardun. Duk wanda ya ce ki biya shi don ya shigar miki da buƙatar farko, ki guje shi.

Malam Na Sahun Gaba:
Da izinin Saje, tambayar yarinyar nan ta addini ce, ba ta fom ba. Sunna ita ce a gaggauta kai mamaci makwancinsa, a binne shi cikin Musulmi, a kwantar da shi a gefen dama yana fuskantar alƙibla. Kaburburan sojoji a jere suke bisa tsarin da aka riga aka shata, ba za a juya layi don mutum ɗaya ba. Ga kuma busa a kan gawa. Ni shawarata filin masallaci, a huta.

Saje Mai Ritaya:
Malam, ina girmama ka, amma ka taɓa shiga ɗaya daga cikinsu? Akwai Musulmi kwance a ciki. Kyaftin Humayun Khan da aka kashe a Iraki a 2004 yana maƙabartar sojoji ta Arlington, da wata da tauraro a kan dutsensa. Iyayensa ba su san addini ba ne?

Malam Na Sahun Gaba:
Ban ce ba su sani ba. Aikin wani ba ya zama hujja a shari'a. Kai ka san bariki, mu muka wanke gawa muka sallace ta shekara da shekaru a garin nan.

Uwar Biyu:
Ku yi haƙuri ku duka. Mu haɗawa muka yi. Aka yi wa Baba wanka da salla a masallaci, aka binne shi a filin Musulmi washegarin rasuwarsa, maza suka shiga kabari suka karɓe shi da hannunsu. Sojoji biyu suka tsaya can gefe har aka gama addu'a, sannan suka ninke tuta suka ba Inna. Mun roƙe su a bar busar, suka bari ba tare da wata gardama ba. Duka duka dala 6,500 muka kashe har da fili.

Ɗan Tasi:
6,500 a ina Hajiya? Bara muka yi karo-karo na wani ɗan uwanmu, sai da muka haɗa 9,000.

Baban Khalifa:
A masallacinmu 4,000 ne in kana cikin asusun jana'iza. Ni dai da za a bi ta tawa, a yi wa baffa biyayya a kai shi gida. Dala 8,000 ta isa.

Maman Ilham:
Wace 8,000? Ƙawata 14,000 ta biya, gawar ta yi kusan mako biyu tana jiran takardun ofishin jakadanci. Kuma kafin a sa gawa a jirgi galibi sai an zuba mata maganin nan an rufe ta a akwati na musamman. Abin da nake kuka a kai ke nan kake cewa ta je ta yi da kuɗinta. Shi baffan nawa zai turo?

Nas Ta Dare:
Ƙarin bayani kan abin da ya sami Maman Ilham, don a asibiti nake aiki ina ganin irinsa. Akwai dokar tarayya tun 1984 da ta tilasta wa kamfanonin jana'iza su ba ka jerin farashinsu a rubuce, ka zaɓi abin da kake so kawai. Za ka iya sayo akwati a wani wuri, ba su da ikon ƙi ko ƙara maka kuɗi. Zuba magani ma sai da izinin iyali in dai ba doka ce ta tilasta ba. 'Yar Soja, ki zaɓi kamfanin da masallacinku yake aiki da shi tun yanzu, ki sa a rubuta sunansa a fayil ɗin asibiti. Ki kuma kira maƙabartar da kanki ki tambaye su maganar alƙibla da tsayuwa a bakin kabari, ki ce dalilin addini ne, ki ji daga bakinsu.

'Yar Soja:
Na gode muku duka, Allah Ya saka da alheri. Saje, wallahi ban taɓa jin maganar PACT ba, gobe zan fara da ita. Na karanta wa Mama labarin Maman Ilham ta yi shiru, ba ta ce komai ba tukuna. Baffa kuwa ya sake kira ɗazu, yana tambaya wai nawa gwamnati za ta biya magada.

Maman Ilham:
Kin ji ko? Haka nawa suka fara. Suna ganin duk wanda ya sa kakin Amurka buhun dala ake sauke wa iyalinsa. Ko kwana arba'in ba a yi ba aka turo mini lissafin rabon gado. Dala 255 ta rasuwa da hukumar fanshon ƙasa ta Social Security ta ba ni ma sai da aka tambaye ni ina take.

Hajiya Babba:
A yi musu uzuri 'yar nan, ba su san yadda ƙasar take ba. Wani cikinsu shi ya sayar da abin hannunsa aka yi wa marigayin kuɗin jirgi tun farko.

Kawun Yara:
To ai tambaya ce mai kyau baffan ya yi. Kuɗin nan na wata-wata da Saje ya ambata, ta dalilin mamaci ya zo. Me zai hana ya shiga gado a raba shi yadda Allah Ya ce? Idan mahaifiyarsa tana raye fa, ba ta da suduso a ciki?

Saje Mai Ritaya:
Ba dukiyarsa ba ce Kawu, bai mallake ta yana raye ba. Gwamnati ce take ba matar da sunanta. Iyaye masu ƙaramin ƙarfi suna da nasu DIC daban da za su iya nema.

Malam Na Sahun Gaba:
Nan ma Saje ya shigo gonar da ba tasa ba. Malamai sun bambance tsakanin abin da aka yanka daga albashin mutum aka tara masa, da abin da hukuma ta bayar kyauta ga wanda ta ambata. Sai an duba kowanne a ga daga ina ya fito kafin a yanke hukunci.

Maman Ilham:
Malam, lokacin da nake biyan bashin dala dubu goma sha ɗaya babu wanda ya ce a raba shi yadda Allah Ya ce. Ai bashi ake fara fitarwa kafin gado, ko ba haka ba? Wa ya turo mini ko kwabo?

Kawun Yara:
Wannan kuma tsakaninki da dangin mijinki ne, ba mu ji ta bakinsu ba. Malam, ina jiran amsarka kan maganar suduson.